Wanda Ya Buga Daga Cikin Bututu

Bayan La'asar muka isa unguwar, ni da Baba Manu, a kan tsohon babur ɗinsa. Diga da shebur suna ɗaure a baya, makullin bawul, wani dogon ƙarfe mai hannu biyu, yana kafaɗata. Motar ofis tana can a fake, an ce babu mai. Injin zuƙe ruwa kuwa, tun ina sabon ɗauka nake jin ana cewa yana wurin gyara. Mu ne masu gyaran bututun ruwa na gari, ko kuma yadda mutane suka fi jin daɗin kiranmu, ɓarayin famfo.

Unguwar ita ce ta ƙarshe a Kankiya idan ka kama hanyar Kusada. Famfonsu ya daɗe ko tari bai yi ba. Babban bututun ƙarfe da ke kai masu ruwa ne ya tsage a bakin wani tsohon kududdufi, a gindin tsamiya. Shekara da shekaru yana ɗan tsiyaya a wurin, ba wanda ya kula, har ciyawar gefen kan yi kore shar da rani. Yanzu tsagar ta wage, ruwan unguwa duka ya koma cikin ƙasa.

Ko sauka ba mu gama yi ba aka yi mana caa. Wani mai shayi da ake kira Lawal shi ne a gaba, yana nuna mu da ludayi.

"Ga su nan, sun gama sayar ma 'yan garuwa, sun zo su yi mana wasan kwaikwayo!"

Ni da a gidana ma sai matata ta bi layin rijiya, ni ake kira ɓarawon ruwa? Ruwan da muke tsayawa a cikinsa ba takalmi, ƙafafunmu duk sun ci sun tsattsage? Na buɗe baki zan rama, Baba Manu ya taka mini ƙafa. Shi ya tsufa a aikin nan, zagi ya zame masa kamar kukan kaji.

Lawal ya miƙa hannu ya zare makullin babur ya jefa a aljihu.

"Ba ku tahiya ko'ina sai mun ga ruwa ya zubo."

Na je na rufe bawul, wato abin da ke tsayar da ruwan bututun, na dawo muka kama haƙa. Laka ce baƙa, mai warin ruɓaɓɓen ganye. Duk shebur ɗin da ka cire, rabinsa sai ya zame ya koma. Ba wanda ya kama mana. Suna dai tsaye a kanmu da jarkoki, ana ta jifanmu da baƙar magana. Kafin mu tono bututun, ramin ya shanye tsayin Baba Manu, rana kuma ta yi ja ta rataya a kan karan dawa.

Baba Manu yana da doka ɗaya da ban taɓa ganin ya karya ba: ba ya buga ƙarfe a cikin ƙasa da magariba. Ko saura noti ɗaya ne, fitowa yake ya wanke hannu. Ran nan ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dubi fuskokin da ke kewaye da mu, ya sauke murya.

"Ma'aruf, tahi ramin bawul ka jira. Ɗaurin noti kaɗai ya rage."

"Baba, magariba ta yi hwa."

"Na sani. Ka ga idon mutanen nan? In muka tashi yanzu, jifa za mu sha."

Bari in faɗa maka yadda muke aiki, don ka gane abin da ya biyo baya. Ramin bawul yana da ɗan nisa, can bakin titi bayan gonaki, inda kira ba ya kaiwa. Baba Manu ba ya shiga rami da waya, laka ta sha cinye masa. Kamata ya yi a ce akwai mutum na uku da zai tsaya a kansa, amma tun da abokin aikinmu ya yi ritaya ba a kawo wani ba. Sai muka koma magana ta bututu. Ƙarfe yana kai sauti nesa. In ya buga da sifana a hankali, ɗai-ɗai, yana nufin in riƙe a rufe. In ya gama, ya fito daga rami, sai ya miƙa dogon ƙarfe ya buga da sauri a jere, ni kuma in buɗe. Ruwan nan daga babban tanki yake gangarowa da ƙarfinsa. In aka sake shi mutum yana cikin rami, ɗauri bai kammala ba, to an haƙa masa kabari ke nan da hannunsa.

Ina tafiya aka kira salla. Na waiga, na ga masu jarkoki suna watsewa, maza sun nufi masallaci, mata sun shige gidaje. Aka bar dattijon shi kaɗai.

Ramin bawul na siminti ne, ya fi tsayina zurfi. Da can daga sama ake zura makulli, amma sandar da ke haɗawa ta karye tuni, dole sai ka sauka. Na ture murfin, na yi bisimilla, na taka ƙarafunan da suka yi tsatsa na gangara. Ciki sanyi, ga warin gansakuka da kashin jemage. Na ɗora makulli a kan bawul, na tsuguna, na aza tafin hannuna a kan bututu.

Shiru. Sai kukan gyare daga waje, da muryar liman can nesa.

Sai bugun ya zo. Da sauri, a jere.

Na ce alhamdulillahi, tsoho ya yi zafin nama. Na miƙe na kama makulli da hannu biyu, na murɗa. Bawul ya yi ƙara, ya motsa kaɗan.

Bugun bai tsaya ba.

Baba Manu ba ya maimaita bugu. Na sake tsugunawa na taɓa bututun. Bugun sifana daga nesa yakan iso ne siriri, kamar ƙarar cokali a kofi. Wannan kuwa ba ƙarar ƙarfe ba ce. Ƙarar gaɓar yatsa ce, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Kuma ba daga nesa take zuwa ba.

Daga cikin bututun ake bugawa, daidai ƙarƙashin tafina.

Na zabura na kama makulli zan mayar. Ya ƙi. Na sa ƙarfi, ya ƙi. Sai na ji yana ja ta ɗaya gefen, a hankali, kamar akwai wani a ƙasa yana murɗawa.

"Salamu alaikum, mai ruwa."

Muryar mace ce, daga bakin rami. A sanyaye, da ladabi. Wallahi ladabin nan ne ya fi tsorata ni, don tun da na fara aikin nan ba wanda ya taɓa yi mini sallama irin wannan.

Na ɗaga kai. Tana tsaye, ta tare ɗan hasken da ya rage. Doguwa ce fiye da kima, da ƙwarya a hannu. Leɓɓanta sun tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. A bayanta na hango wasu, manya da ƙanana, kowa da abin ɗiba, sun yi layi har cikin gona. Layin ruwa ba hayaniya, ba tura-tura, ko numfashi ba ka ji.

"Baiwar Allah, ku yi haƙuri," na ce. "Akwai mutum cikin rami."

"Mun sani."

"In ruwan ya tahi, mutuwa za shi yi."

"Shina toshe mana wurin sha," ta ce cikin raɗa. "Tun kafin a haihe ka muke sha nan. Ɗiyanmu su sha mi?"

Ta sunkuyo. Idanunta a tsaye suke tsage.

Na kama Ayatul Kursiyyu, harshena ya harɗe. Na tokare ƙafa da bango, na rungume makulli da ƙirjina. Yana tafiya. Fatar tafina ta saɓule, yana tafiya. Na yi ihu, na kira sunan Allah, na kira sunan Baba Manu.

Makullin ya fizge, ya juya, ya make ni a haƙarƙari. Na faɗi.

A ƙarƙashina bututu ya ɗauki rugugi.

Ban san yadda na fito ba. Ba kowa a bakin ramin, sai sanyi da warin laka. Na yanki gona da gudu, kara yana yankata, numfashi yana sukata a gefe. Abu ɗaya kawai ke kaina: dattijon nan yana da 'ya'ya mata da ba su gama makaranta ba, kuma hannuna ne ya fara murɗa ƙarfen.

Tun daga nesa na ji guɗa. "Ruwa ya zo! Ruwa ya zo!"

Ramin da muka haƙa ya kusa cika da ruwa. Mata da samari sun fito da bokitai suna ta ɗiba daga baki, ana dariya, ana ture juna. Duhu ya fara, ba wanda ya duba tsakiya.

A tsakiya akwai fuska. Fuska kaɗai, ta kalli sama, ruwa yana lasar gemunta.

"Mutum! Akwai mutum ciki!"

Na faɗa ramin. Na kama Baba Manu ta hammata na ja. Ko gezau.

"Ƙahwata," ya ce da ƙyar. "An riƙe ta."

Lawal ne ya fara dirowa bayana, da rigar sallarsa. Mutumin da ya kira mu ɓarayi ya tallafe haɓar Baba Manu yana kuka yana ihu a kwashe ruwa. Bokitan da suka zo ɗiba suka koma kwasa. Ana kwasa, yana ƙaruwa. Ya kai leɓe. Ya kai hanci.

Na ja numfashi na nutsa. Na bi ƙafarsa da lalube, gwiwa, ƙwauri, idon sawu. Na zaci bututu ne ya danne shi.

Yatsu na taɓa. Dogaye, masu sanyi, sun zagaye ƙafar har sun ninka.

Na taso ina tari, laka a bakina. Ba ni da ƙarfi, ba ni da dabara, ba ni da kowa. Na juya na fuskanci tsamiyar nan na ɗaga murya iyakar ƙarfina.

"Za mu bar maku! Na rantse da Allah za mu bar maku naku! Ku sake shi!"

Rugugin ya ɗauke lokaci ɗaya, kamar an rufe baki.

Baba Manu ya taso a hannunmu sakayau, har muka faɗi da baya. Aka jawo shi waje, aka danna cikinsa, ya amayar da baƙin ruwa, ya yi tari. Da aka haska ƙafarsa da tocila, mata suka ja da baya suna salati. Sawun yatsu ne a kwance a fatar, sun yi fari fat.

Da safe na koma ramin bawul tare da mutane. Na sami bawul ɗin a rufe gam, makullin a jingine da bango.

Baba Manu ya rayu, amma ƙafar ta shanye, sai da sanda. Ya ce shi bai buga komai ba, sifanar ma ta suɓuce masa cikin laka tun ana kabbarar farko. A ofis aka ce sakacina ne, na buɗe ruwa ban tabbatar ba. Ban yi musu ba. Me zan ce masu?

Ni na ƙarasa ɗaurin, da rana tsaka. Na ɗaure kowane noti tamau, na bar guda a sake. Na je wurin malaminmu na Islamiyya na tambaye shi ko na yi saɓo. Ya ce shi dai bai san inda aka hana shayar da mai ƙishi ba, amma in riƙe azkar.

Unguwar ta samu ruwanta. Lawal yanzu in na wuce sai ya tura mini shayi. Sauran gari kuwa ba su san zancen ba, ko sun ji sun mayar da shi tatsuniya. Abin da suke gani shi ne ɗan ruwa yana tsiyaya a gindin tsamiya ba dare ba rana. Wani ya ɗauki hoto ya sa a waya, aka yi ta zaginmu har da iyayenmu, wai ko noti ɗaya mun kasa ɗaurewa. An sha turo ni in gyara. Nakan je, in tsaya, in dawo in ce an yi.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je gaida Baba Manu. Yana zaune a zaure, ƙafar a miƙe, autarsa tana shafa mata man zafi. Na ba shi labarin zagin da ake yi mana, raina a ɓace. Ya saurara har na gama, sannan ya kamo hannuna ya riƙe da ƙarfi.

"Ma'aruf, ka bar su su zaga," ya ce a hankali. "Duk ranar da ruwan garin ya ɗauke, wurin nan ya bushe, ina jin yatsun suna matsawa."