Saƙon da Baba Bai Buɗe Ba

"Wannan keken na waye?"

Tambayar da ya fara yi ke nan da ya ga keken marasa lafiya a falo, ko ruwan da na ajiye masa bai taɓa ba. Malamin makaranta ne, mun yi wata biyu muna hira a manhajar neman aure, ranar ce ya fara taka gidanmu.

"Na Babana ne," na ce. "Shanyewar ɓarin jiki ta same shi, shekara uku ke nan."

"Allah sarki... Allah ya ba shi lafiya. To wa ke kula da shi?"

"Ni."

"In kin yi aure fa?"

"Ni ɗin dai."

Nan take ya tuna yana da taron malamai. Ranar Asabar, da yamma! Na raka shi bakin ƙofa, kafin in dawo falo ya toshe ni a manhajar.

Shi ne na uku da keken Baba ya kora. Waɗanda na kora da kaina kuwa ba na lissafa su. Akwai wanda ya sa hoton da ya ɗauka tun yana da suma, akwai wanda ya kira ni "rabin raina" a saƙonsa na biyu, ya manta sunana a na biyar.

Ƙawata da muke aiki tare a shagon tabarau ita ta buɗe min shafin. Ta ce shekara talatin da ɗaya, daga gida sai shago, miji ba zai faɗo min daga silin ba. Dokar manhajar ita ce kowace mace ta sa lambar waliyyinta. Duk saƙon da aka yi, kwafinsa na zuwa wayarsa, in ya buɗe sai wani ɗan koren ido ya fito a ƙasan saƙon.

"Sa lambar Yayanki," in ji ta.

"Wa? Yaya? Ko dariya na rubuta sai ya bugo daga garin da yake ya tambayi dalili!"

Sai na sa lambar Baba. Na ɗauka na yi wayo.

Tun da ciwon ya same shi, kalma ɗaya ta rage a bakinsa: "To." Da ita yake gaisuwa, da ita yake fushi. A watan farko na miƙa masa jarida, mutumin da ya yi shekara talatin yana duba kurakuran rubutu a maɗaba'a. Ya ƙura mata ido, hawaye suka zubo, ya ture ta. Daga ranar na yanke cewa karatu ya bi magana sun tafi tare, ban sake gwada shi ba.

Koren idon yana fitowa a ƙasan saƙonnina, ina gani. Na ce ai wayar kullum tana hannunsa na hagu yana jin rediyo, yatsa ne ke taɓawa. Kuma kowace safiya ni nake goge masa tabarau in ɗora masa a hanci, don sabo.

Bayan malamin makaranta na yi niyyar goge manhajar. Sai ga saƙon wani mai awon filaye. A hotonsa yana rungume da ƙarfen awo mai ƙafa uku, hula ta rufe rabin fuskarsa.

"Assalamu alaikum. Ban iya hira ba, amma na iya sauraro."

"To ni kuma ban iya shiru ba," na mayar. "Ka ga an dace."

Mai Awo na sa masa suna. Bai taɓa ce min "kin ci abinci?" sau biyar a rana ba. Yakan turo hoton wata bishiya da ya zauna a gindinta, ya ce inuwar ta yi wa mutum ɗaya yawa. Bayan wata guda ya shigo shagonmu wai idonsa na ganin hazo. Na zaunar da shi gaban allon gwaji, ya karanta har layin ƙarshe, wanda ko ni sai na matsa.

"Malam, idonka ya fi nawa lafiya."

"To ki ba ni na banza in riƙa sawa, kada a ce na zo babu dalili."

Ƙawata ta shige bayan kantar shagon tana toshe baki. Daga ranar yake kirana hasken idonsa, ina ce masa ya daina zolaya, alhali raina fari ƙal. Na so shi, so irin wanda ban yi zaton ya rage min ba.

Amma ban gaya masa ba. In ya tambayi Baba sai in ce yana nan, yana gaishe shi. Wata huɗu muna haka.

"Hasken idona, yaushe zan zo in gaida Baba?"

"Bari dai tukuna..."

"Tukunan nan taki ta kusa yin jika."

Wata Talata komai ya haɗe min. Sau biyu na canja wa Baba zanin gado kafin ƙarfe takwas. Wajen ɗaga shi zuwa keke bayana ya riƙe, muka zube tare, shayin da na haɗa masa ya kife a kaina. Matar da ke zama da shi in ina aiki ta makara. Na isa shago mai shagon ta wanke ni tas a gaban mutane. Da aka tashi hutun rana na shige ɗakin ajiya, na zauna a kan kwalin gilasai, na ga saƙon Mai Awo yana sake tambayar ranar zuwa.

Na rubuta da hawaye, ban ko sake dubawa ba.

"Ƙarya nake maka. Babana ba ya tafiya, ba ya magana, ni nake masa komai. Mutum uku sun gudu saboda shi. Na gaji, wallahi na gaji. Wani lokacin ina wanke shi ina tambayar kaina yaushe rayuwata za ta zama tawa. Ba zan iya barinsa ba, kuma shi ya tsare min hanya. In kai ma za ka tafi, ka tafi yanzu."

Na tura. Koren idon ya fito kafin in share fuskata.

Mai Awo bai amsa ba. Laraba shiru, Alhamis shiru. Na ce shi ke nan, na huɗu ya bi sahu. Baba kuwa ya daina kallona in ina ba shi abinci, na ɗauka jikin ne.

Ranar Juma'a da hantsi ina shanya, sai ga motar Yaya a ƙofar gida, mutumin da sai ya yi wata shida bai leƙo mu ba.

"Yaya, lafiya? Ko waya babu?"

"Haɗa masa kayansa, Auta. Da shi zan koma."

"Ka koma da wa? Matarka ta san awa nawa ake juya shi? Ta san maganin da ba a ba shi da madara?"

"Za ta koya. Shi ya ce in zo."

"Ya ce? Baba ne ya ce?"

Ya miƙo min wayarsa. Saƙo ne daga lambar Baba, kalma bakwai, babu kuskure ko ɗaya: "Zo ka ɗauke ni. Auta ta gaji."

Na mayar masa da wayarsa. Na shiga ɗakin Baba. Yana zaune a keke, tabaran da na goge masa da safe suna kan hancinsa.

"Baba... kana karantawa? Tun yaushe?"

Ya dubi taga.

"Baba, duk ka gani? Har na Talata?"

"To," ya ce, a hankali.

Na durƙusa na kama gwiwoyinsa. "Wallahi ba haka nake nufi ba! Ranar ce ta yi min zafi, bakina ne kawai... Don Allah Baba ka dube ni! Ban gaji da kai ba, ka yafe min!"

Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kaina, ya daɗe bai ɗauke ba. Sannan ya ɗaga shi ya yi wa Yaya nuni da ƙofa.

Ni na ninke kayansa. Na rubuta lokutan magani a takarda na manna a murfin akwatin. Da motar ta tashi na bi ta har kwanar layi babu takalmi, Baba bai waiwayo ba. Da na dawo na tarar da wayarsa a kan filo, ya kife ta.

Ranar Lahadi da safe saƙon Mai Awo ya shigo.

"Hasken idona, ki yafe ni. Tun Talata muna daji wajen awo, babu sabis, yanzu na fito titi na gani. Na karanta sau uku. Wannan ne abin da kika ɓoye wata huɗu? Ni na yi jinyar mahaifiyata shekara biyu, na san gajiyar da kike faɗa, kuma na san ba ƙi ba ce. Gidana akwai ɗaki a ƙasa kusa da banɗaki, na Baba ne. Zan auna faɗin kekensa in faɗaɗa ƙofar. Ki gaishe min da shi, ki ce ɗansa na nan zuwa."

Na yi kuka har maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Na kira Yaya.

"Sa min Baba! Sa wayar a kunnensa!"

"Barci yake, Auta. Tun da muka zo ba ya son cin abinci, sai barci."

"Tashe shi, don Allah!"

Na ji motsi, na ji numfashinsa. Na karanta masa saƙon, na ce Asabar za mu zo da Mai Awo mu ɗauko shi. Na jira ko "to" ɗin nan tasa. Sai muryar Yaya: "Ya koma barci. Ban sani ba ko ya ji."

Da na sani da ranar na hau mota. Amma mai shago ta ce in bari sai ƙarshen mako, Mai Awo kuma yana son ya gama ƙofar tukuna don Baba ya shiga da kekensa ba tare da an ɗaga shi ba. Ranar Laraba ya turo min hoton ƙofar, siminti bai bushe ba.

Ranar Alhamis ina gwada wa wata tsohuwa tabarau Yaya ya kira. Daga sallamarsa na gane Baba ya rasu.

An ɗaura mana aure bayan wata biyar. Mutumin kirki ne, bai taɓa ce min in daina kuka ba, sai dai ya zauna kusa da ni ya yi abin da ya ce ya iya. Ɗakin ƙasa yana nan da ƙofarsa mai faɗi. Duk baƙon da ya tambayi dalilin faɗinta, sai mijina ya ce kuskuren awo ne.

Wayar Baba tana cikin ɗakin, a kan taga kusa da tabaransa, ina sa mata caji duk bayan kwana biyu. Ban goge manhajar daga tawa wayar ba. Koren idon ya tsaya a ƙasan saƙona na Talata, na Mai Awo da ke biye da shi babu komai a ƙasansa.

Rannan mijina ya same ni riƙe da wayoyin biyu.

"Hasken idona, in kin buɗe a tasa ai idon zai fito. Ko zuciyarki za ta ɗan huta."

Na girgiza kai, na mayar da wayar kan taga.

"Ba ni aka turo wa wannan kwafin ba," na ce. "Bar masa abinsa."