Gurbin Da Dogo Ya Bari Fanko

Ranar da ta fara aiki a kamfanin manhaja, da gardama suka gaisa da wani abokin aikinta. Yana gaban farin allo yana zane, dogo ne har sai ya rusuna.

"Adireshin majiyyaci iri uku ne," in ji shi. "Waya, imel, kwatancen gida. Mu zuba su teburin bayanai guda, mu bar gurbi ɗaya da zai gaya wa tafinta wane iri ne."

Tafinta suke kiran manhajar da ke kai bayanai rumbun ajiya tana ɗauko su.

"In gurbin ya zo fanko fa?" ta ce. "Tafinta zato kawai zai yi."

"Ba zai zo fanko ba, Hajiya Tambaya."

Sunan ya bi ta, shi ma ya bi ta. Kafin wata uku wayarta ta cika da saƙonninsa: "Hajiya Tambaya, yau ba ki musa min komai ba. Lafiya kuwa?"

Ta mayar: "Ina tara maka ne, Dogo."

Sai ga shi gurbin ya zo fanko. Tafinta ya ɗauki kwatancen gida a matsayin lambar waya, majiyyata ɗari biyu ba su sami kiran asibiti ba. Ita ta sa hannu na ƙarshe a aikin, don haka ita manaja ya tsare da ido a taro.

"Wa ya tsara wannan shirmen?"

Ta dubi Dogo. Dogo ya dubi takalminsa. A ranar aka sallame ta.

Da maganar aurenta da Dogo ta taso, mahaifinta ko zama bai yi ba.

"Wanda ya haɗiye harshensa ana korarki? Ba a gidana ba."

"Baba, tsoro ya ji."

"To ni ma tsoron nake ji miki."

Abin haushin, tana sonsa. Ta yi fushi, ta toshe lambarsa, ta sake buɗewa da hannunta. Bayan wata huɗu saƙo ya shigo: "Na faɗa wa manaja gaskiya gaban kowa. Sun kore ni. Na san na makara, masoyiyata."

Ya makara ɗin kuwa. An riga an ba wani kujerarta, kuma labarin farko shi ya zaga kamfanoni, na biyun ko ƙofa bai fita ba.

Sau biyar Dogo yana zuwa yana durƙusawa kafin Baba ya sauko.

"Ba don kai ba," ya ce. "Don na gaji da ganin ta tana ramewa. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Aka ɗaura aure, aka yi musu addu'a, ta yi murna ta gaske.

Sati biyu da biki Dogo ya sami sabon aiki, don shi an ce kuskure ne irin na kowa. Ita takardunta na neman aiki goma sha ɗaya ba wanda ya amsa. Da safe ta goge masa riga, ta miƙa masa jakar kwamfuta.

"Komai ya wuce, ko?" ya tambaya a hankali.

"Na yafe maka. Amma aikin nan na so shi tun kafin in san ka."

Ta gyara masa wuyan riga.

"Je ka, kar ka makara. Allah ya sa albarka."