Wuta Cikin Buhun Auduga

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗaga kai ya kwana lahira!"

Da hantsi ne, rana tana kanmu. Muna tsakanin garinmu, Rijiyar Tata, da kasuwar Falanko, mu shida da jakai takwas. Kowane jaki na ɗauke da buhun kaba biyu, an danne su da auduga har baki. Audugar gida goma sha ɗaya ke nan, wahalar shekara guda a fadamun Tarka.

Su uku suka fito daga bayan aduwa, fuskokinsu naɗe da rawani. Babbansu ya diro daga raƙumi da bindigar gargajiya. Manzo, madugunmu, tsoho ne mai taurin kai. Bai kwanta ba.

"Ɗan nan, ka san kayan wa kake taɓawa?"

"Na ubanka ne, tsoho!"

Ya ɗora bakin bindigar kan buhun jakin gaba ya saki. Daram! Jakai suka firgita. Ya juya gindinta ya buga wa Manzo a goshi. Tsoho ya zube.

Ina kwance, kuncina a kan rairayi, na ga abu biyu. Na farko, tsumman da ake toshe albarushi da shi ya faɗo a bakin buhu yana ja. Mai bindiga ya kaɗe shi da tafin hannu, ya wuce. Na biyu, kayan wani jaki sun karkace. Ɗaya daga 'yan fashin, dogo, ya zo ya sa gwiwa ya tallabe buhun, ya ja igiya, ya ɗaure, sannan ya shafa wuyan jakin sau biyu.

Ɗan fashi ba ya gyara wa jaki kaya haka. Ni na koya masa. Ɗana ne, Hamidu.

Na mayar da fuskata cikin ƙasa.

Sunana Idi. Allo na yi shekara uku, sauran rayuwata noma. Abin da ya gudana inda ba na nan, daga bakin Hamidu na ji shi daga baya, kuma ban ƙara komai ba.

Hamidu magidanci ne, da mata da 'ya. Rani biyu Nasara suka ɗauke shi aikin hanya, yana dakon dutse. Ya dawo a rame, ba ya magana. A shekarar kuma tsutsa ta cinye audugarsa tun tana fure. Sai na fara jin ana ganinsa ranar kasuwa tare da Barmo, wani tsohon soja da aka kora daga bariki. Na yi masa magana sau biyu. Ya ce, "To, Baba." Na san wannan "to".

Kwana uku kafin fashin suka zauna da azahar a gindin gawo, bayan kasuwar dabbobi. Barmo, Hamidu, da Ɗan Azumi, wani gajere mai tsoro wanda ya daɗe yana satar awaki.

"Ku saurara, maza," in ji Barmo. "Gero nauyi gare shi. Saniya tana da shaida a cinya. Auduga kuwa fara ce ko ta wa. Akwai mai raƙuma yana jira a kudu, ba ya tambaya."

"Mutanen garinmu ne," in ji Hamidu.

"Da aka ɗaure ka aka tafi da kai, mutanen garinku sun biyo ka?"

Hamidu ya ce, "Sharaɗi biyu. Kada a zubar da jini. Kada a tashi bindiga kusa da kaya."

Barmo ya bushe da dariya. "Ɗan Azumi, ka ji manomi zai koya wa soja bindiga!"

"Ni dai a raba daidai," in ji Ɗan Azumi. "Kuma ni ba na gaba."

Hamidu ya zaci ba zan yi tafiyar ba, don bayana ya kwana biyu yana ciwo. Amma Kulu, uwarsa, ta ce gishiri ya ƙare, hauyata kuma ta cinye har ƙota. Sai na ɗaura ɗamara na bi ayari.

Bayan sun kora jakan sun nufi yamma, muka ɗaure wa Manzo kai da gefen rawaninsa. Muka ja ƙafa zuwa wani ƙauye da ke gaba. Rashin sa'ata, gardin Kumandan huɗu, dogaran Nasara, suna can kan raƙuma, sun zo zancen lanho, wato haraji. Shugabansu, Sarzan Audu, ya saurare mu yana cin goro.

"Wa ya gane su?"

Kowa ya girgiza kai. Ni ma na girgiza.

"Mutum biyu su hau bayanmu. Tsoho, kai da wannan."

Ni ya nuna.

Muka bi sawu har rana ta karkata. Sawun jaki takwas ba ya ɓuya a rairayi. Duk takun raƙumi, addu'a ɗaya nake yi, wadda ba zan iya faɗa da ƙarfi ba. Sai muka iso wani fako, ƙasa kamar dutse, kuma garken Fulani ya ratsa ta wurin ya tattake komai. Gardi suka zaga, suka zaga. Babu.

Sarzan ya tofar da goro. "Sun tsira. Mu koma."

"Allah ya ƙaddara," na ce. "Mu koma, ranka ya daɗe."

Na yi saurin faɗin haka. Manzo ya juyo ya dube ni da idonsa guda da bai kumbura ba. Ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce wa Sarzan, "Ranka ya daɗe, a hau tudun can a zauna."

"A zauna a yi me?"

"A jira. Audugar za ta kira mu."

"Tsoho, dukan ya taɓa maka hankali?"

"Kai soja ne, ni manomi. Wuta in ta shiga auduga dannanniya ba ta yin harshe. Cin ciki take yi, kamar gara. Sai ta wuni ba hayaƙi. Na ga tsumman ya faɗa. Idi ma ya gani. Ko ba haka ba, Idi?"

"Na gani," na ce.

Muka hau tudu muka zauna a inuwar wata aduwa. Gardi suka kwanta, suna zancen wata mai fura a Tanut. Manzo ya miƙo mini gorar ruwa. Na mayar masa ban sha ba. A rayuwata na jira ruwan sama, na jira haihuwa, na jira fara ta tashi daga gona. Ban taɓa jira irin wannan ba. Abu ɗaya ya rage mini: Hamidu ya san auduga. In ya ji warin da wuri, ya san abin yi.

Ya ji kuwa. Suna cikin wani kwazazzabo, ba nisa da mu. Barmo ya hana a sauke kaya, ya ce da sanyin yamma za a wuce. Jakan na tsaye, an haɗa su da igiya ɗaya. Hamidu yana ba su ƙaiƙayi sai hancinsa ya kama. Ya bi buhu buhu yana ɗora tafin hannu. Na jakin gaba kamar tukunya a murhu.

Bai gaya wa kowa ba. Ya kwance buhun a hankali, ya ja shi gefe, ya durƙusa yana tara masa rairayi da hannu biyu. Haka ake yi. A binne, a hana shi iska, ya mutu da kansa.

"Kai! Me kake binnewa?"

Barmo ne a kansa.

"Wuta ce a ciki. Bindigarka ta yi."

"Wuta? Ina hayaƙin?"

"Ba ta yi ba tukuna. Matsa, Barmo, ka bar ni."

"Ɗan Azumi, zo ka ga ɗan gari! Ya san buhun da tsohon ya ɓoye azurfa, zai binne ya dawo shi kaɗai."

"Wallahi na faɗa tun farko," in ji Ɗan Azumi. "Dogon nan ba namu ba ne."

"Ka taɓa ka ji! Ka taɓa mana!"

"Zan taɓa."

Barmo ya zare takobi.

"Kada ka buɗe! Barmo, kada—"

Ya tsarge buhun daga baki har gindi. Cikinsa baƙi ƙirin, tsakiya ja. Iska ta shiga. Bus! Wuta ta yi tsalle ta kai tsawon mutum. Guntayen auduga suka tashi sama suna ci, iska ta kwashe su ta zuba kan jakai. Buhu na biyu ya kama. Na uku. Jakan suka haukace, kowanne na ja, igiya ta riƙe su wuri ɗaya.

Barmo ya dubi hayaƙin da ya miƙe sama. Soja ne, ya san abin da ke tafe. Ya ruga ya haye raƙumi. Ɗan Azumi ya bi shi ya kama sirdi.

"Maigida, ni fa? Maigida!"

"Raƙumin mutum ɗaya ne!"

Ya sara masa takobi a hannu. Ɗan Azumi ya faɗi yana ihu. Raƙumi ya ɓace bayan duwatsu.

Hanya a buɗe take gaban Hamidu. Ƙafa gare shi, kuma ya san dajin. Na tambaye shi daga baya me ya hana shi gudu. Ya ce, "Baba, kukansu." Ya zare wuƙa ya shiga tsakiyar jakan. Ya yanke igiyar da ta haɗa su. Ya yanke ta kayan wannan, ya ture buhu, ya koma kan wancan. Biyar ya kuɓutar. A na shida rigarsa ta kama, rawaninsa ya kama.

Mu a kan tudu, Manzo ne ya fara ganin hayaƙi. Bai ɗaga murya ba.

"Ga ta nan."

"Ku hau! Ku hau!" in ji Sarzan.

Muka sauka a guje. Jaki ɗaya ya wuce mu, bayansa ba gashi. Cikin kwazazzabo toka na zuba kamar yayyafi. Ɗan Azumi na zaune rungume da hannunsa, yana rantsuwa shi hanya ce ta biyo da shi. Can gefe mutum na kwance, ya birgima cikin rairayi har wutar ta mutu. Fuskarsa ba ta ganuwa. Yana numfashi.

Sarzan ya taɓa shi da ƙafa. "Wannan ba zai kai gaban shari'a a Damagaram ba. Ba na ɗaukar gawa a raƙumina. In ba mai shi, mu bar wa kuraye. Akwai wanda ya san shi?"

Manzo ya kau da kai yana kallon toka. Ya bar mini ƙofa. In na yi shiru, a gari sai a ce Hamidu ya tafi ci-rani bai dawo ba. Kulu ta ci gaba da zuwa rijiya da kanta a sama. Jikata ta girma ba mai nuna ta da baki.

Na durƙusa na ɗaga kansa na ɗora a cinyata.

"Ɗana ne, ranka ya daɗe."

"Ɗanka? Kuma ka hau bayana tun safe ba ka faɗa ba?"

"Ban faɗa ba."

Ya zuba mini bulala uku a baya, ban ji su ba sai washegari. Sannan ya ce in kwashe shi in ba shi wuri.

A kan ɗaya daga jakan da ya kuɓutar muka kawo shi gida. Kwana huɗu ya yi. Kulu tana shafa masa man shanu da gashin kaza, matarsa Kaltuma tana ɗiga masa ruwa da ludayi. In ya farfaɗo ya yi magana, ni kuma ina saurare. Ba wanda ya shigo gaishe mu. Ban ga laifinsu ba.

Ɗan Azumi yana ɗaure a kaso har yau. Barmo, wasu sun ce an gan shi a kudu yana sayar da raƙuma, ban sani ba. Jaki uku sun mutu. Auduga ba a tsira da ko damƙi ba. A ranin nan gida goma sha ɗaya ba gishiri, ba sabuwar hauya. Aure biyu aka ɗaga. Masaƙin garinmu ya naɗe kayansa ya koma Falanko.

Ranar Laraba da asuba Hamidu ya cika. Sai a lokacin na tuna ba likkafani. Kulu ta zazzage tukunyar kayanta, babu farin ƙyalle ko taku ɗaya. Na fito ƙofar gida na tsaya. Gidan wa zan shiga in roƙi farar auduga?

Ina nan tsaye sai ga Manzo, goshinsa har yanzu a ɗaure, da ƙunshi a hammata. Bai yi mini ta'aziyya ba. Ya ajiye ƙunshin a kan dakali.

"Likkafanina ne. Shekara bakwai yana ajiye." Ya gyara sandarsa. "Yaron ya fi ni tsawo. Sai ku yi dabara."

Ya juya ya tafi.

Bai kai ba kuwa, ƙafafun suna waje. Kulu ta cire mayafinta, ta wanke, ta yage gefensa ta ɗinka a ƙasa. Mu huɗu muka sallace shi, har da liman. Da muka dawo na ɗauki tsohuwar hauyata na tafi fadama, don karan audugar bana na nan tsaye, kuma babu mai cire shi sai ni.