Ƙarin da Ke Bayan Kunnen Mardiya

A tashar motar Gure Burahima ya fara ganin Mardiya, tana dariya ta kare gefen bakinta da mayafi. Ya ɗauka kunya ce. Sai da suka shaƙu ta gaya masa cewa wani ƙari ne ya tsiro a kan jijiyar da ke motsa fuskarta, can ta bayan kunnen hagu, shi ya sa gefen ya ɗan saki. Ba ciwon daji ba ne, amma yana nan.

Burahima ya ce ya ji ya gani. Mahaifiyarsa Ya Fanna ce ta cije. Ba ta ƙi yarinyar ba, sai dai a wurinta abin da ya tsiro a jiki cire shi ake yi. A yi aiki tukuna, sannan a kai goro.

Da Mardiya ta ji sharaɗin, ta yini ba ta ɗaga waya ba. Da la'asar saƙonsa ya shigo:

"Sanyin idona, kada ki yarda a sa miki wuƙa saboda ni. Na roƙi Inna ta bi mu Yamai ta ji da kunnenta."

Su ukun suka tafi tare da yayar Mardiya. Don kunyar suruka, Mardiya ko dabino ba ta kai baki ba a mota.

Likita ya ɗaga hoton IRM, wanda ke nuna cikin kai, ya yi bayani. Ana iya yin aiki, amma ƙarin ya manne da jijiyar, gefen fuskar na iya mutuwa gaba ɗaya, har ido ya ƙi rufuwa. In ya soma girma, ana iya haska shi da na'ura don a tsayar da shi. Tunda kuwa bai ƙaru ba tun bara, ana iya barinsa, a riƙa ɗaukar hoto lokaci-lokaci.

Ya Fanna ta daɗe tana kallon hoton.

"Ashe yaɗon wake ne a jikin karan hatsi. In ka fizga, da karan za ka taho." Ta juyo. "Ɗiyata, fuskarki ce. Me kike so?"

Mardiya ta sunkuyar da kai. "A bar shi, Inna."

"To an bar shi."

Bayan kaka aka shafa fatiha. Ya Fanna da kanta ta karɓi amarya a bakin zaure, ta dafa kanta ta ce Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Sannan ta rage murya.

"Ranar komawa hoto, ni zan raka ki. Shi ya tsaya ya ji da awaki."