Jan Tauraro a Kan Man Shanu

Ta ƙofar baya Halliru ya shigo da ƙwaryar man shanu, domin a gidan gaton Madam da ke unguwar Cadjèhoun, inda ake yin kek da biskit, ƙofar gaba ta masu saye ce. Wata yarinya na sunkuye tana zana furanni a kan biskit da takardar da ta naɗe kamar mazurari. Ba ta ɗago ba.

"Ajiye can, nesa da murhu," ta ce da Hausa.

"Ashe 'yar Zongo ce. Ba sannu, ba ina gajiya?"

Sai ta ɗago. Halliru ya manta da ƙwaryar da ke hannunsa har sai da ta nuna masa tebur.

"Me ake ce wa farin abin nan?"

"Gilasaj. Farin ƙwai ne da garin sukari da ɗigon lemun tsami. In ya bushe, ko rana ba ta iya masa komai."

"Kamar zuciyar mai yin sa."

"Kamar kan mai tambaya dai."

Sunanta Shafa'atu. Daga ranar Halliru ya ƙwace aikin kai man shanu daga hannun yaran ubansa, Alhaji Barau dillalin shanu. Duk zuwa sai ya tarar da biskit guda a ƙarƙashin faifai, da saƙo rubuce da gilasaj.

"Mai Shanu, ka yi wanka."

Wata rana kuma: "Gobe bayan la'asar, bakin gada."

Ya karanta, ya cinye, babu shaida. Shi kuwa Sukarina yake ce mata, ita ta ce sunan bai nuna ya wahalar da kansa ba, amma tana amsawa.

Da maganar ta isa gida, Hajiya Saude, uwarsa, ko tabarma ba ta gyara ba.

"'Yar wa? Uwarta 'yar ƙabilar Fon ce, kifi ta soya a Tokpa-Hoho har ta mutu. Ita kuma ta wuni hannu cikin ɗanyen ƙwai. Ƙwai sata yake koya wa yarinya, kowa ya sani."

Kowa ya sani ɗin. Zongo cike take da ɓarayin da ba su taɓa ɗanɗana ƙwai ba, amma babu wanda ya taɓa tsayawa ya ƙirga su.

Hajiya tana da tata. Latifatou ce, 'yar Kamarad Alassane, shugaban kwamitin unguwa, wanda hatiminsa ke sa shanun Alhaji su wuce shinge ba a taɓa su ba. Lokacin juyin juya hali ne, hatimi ya fi asali tsada. Halliru ya yi kuka, ya ƙi cin abinci daga safe har azahar, sannan ya yarda.

Hajiya ba ta tsaya nan ba. Ta aika a kira mata Shafa'atu, ta bar ta tsaye a tsakar gida gaban mata, har da gwaggon Latifatou.

"An ce kin iya biskit. Ke za ki yi na sa ranar ɗana. Kamarad yana so kowane ɗaya ya fito kamar tutar ƙasa, kore da jan tauraro, saboda manya za su zo."

Matan suka zuba mata ido suna jiran hawaye. Shafa'atu ta dubi Hajiya, ta gane mace ce da in an ce mata gabas za ta nufi yamma ko da rijiya ce a gabanta. Sai ta ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma za su ji.

"Hajiya, na farin ƙwai za a yi. Shi ne ba ya narkewa."

"Ƙwai a bikin ɗana? Gidan shanu kika shigo. Da man shanunmu za ki yi."

"Ana yi da shi, ya ma fi daɗi. Amma man shanu ba ya son rana."

"Ke ma ba a son ki, ga ki a tsaye."

Aka fashe da dariya. Shafa'atu ta durƙusa ta ce, "To, Hajiya."

Ba ta yi ha'inci ko kaɗan ba. Ta buga man da sukari har ya yi laushi, ta fitar da kowane tauraro da ƙafafunsa daidai, ta jera su a firijin Madam. Da aka kawo su da hantsi, har Hajiya sai da ta rasa abin kushewa. Aka rufe farantan aka ajiye a ƙarƙashin rumfar kwano.

Manya suka makara, kamar yadda manya ke yi. Da suka iso, Kamarad Alassane ya tashi jawabi, kuma shi mutum ne da ba ya gajiya da muryarsa. Rana ta take, iskar teku ta tsaya cik. Sai da ya gama ya yaye mayafin da hannunsa.

Babu tauraro ko ɗaya. Ja ya malale cikin kore, ya gangara gefen faranti yana ɗiga a ƙasa kamar an yi yanka. Wani baƙo ya yi dariya, sannan ya tuna inda yake. Wannan dariyar ce ta gama da gidan Alhaji Barau.

"Sabotaj," in ji Kamarad, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Zagon ƙasa aka yi wa juyin juya hali."

Shafa'atu aka fara kamowa, ta sha mari kafin a tambaye ta komai. Gwaggon Latifatou da kanta ta ba da shaida cewa yarinyar ta faɗa, ta kuma nanata, Hajiya ce ta ƙi. Ba a ɗaukar hajiya a gaban jama'a, sai aka ɗauki mijinta.

Damina ta wuce kafin Alhaji ya dawo. An aske masa gemu, kunnensa na hagu ya daina ji, shanun da ke hanya kuma babu wanda ya san inda suka shiga. Aka ba da Latifatou ga wani akawu a Houéyiho. Tsofaffin unguwa suka ce ishara ce, auren ba rabo ba ne shi ya sa tauraron ya zubar da jini. Man shanu dai ko a bikin waliyyi aka ajiye shi a rana zai narke.

Halliru ya sami Shafa'atu a ƙofar bayan nan, ba ƙwarya a hannunsa.

"Sukarina, kin san zai narke."

"Na faɗa."

"Kin kuma san ba za ta ji ba."

"Kai da ka yarda da Latifatou, wa ka faɗa wa?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Alhaji fa?"

"Ban zaci zai kai can ba."

"Da kin zata?"

Ta ci gaba da kaɗa farin ƙwai. Ya jira, bai tafi ba.

"Ina son ki," ya ce, kamar mai faɗin ciwon da ke damunsa.

"Na sani, Mai Shanu. Shi ya sa."

Babu gidan da ke son haɗa zuri'a da wanda kwamiti ya sa wa ido. Hajiya ta gwada ƙofa bayan ƙofa tana nema wa Halliru mata, ana ba ta ruwa ana raka ta. Daga ƙarshe ta yafa mayafi ta tafi wurin kawun Shafa'atu, ta zauna a kan tabarmar da ba a gyara mata ba.

An ɗaura aure da asuba bayan salla, mutane ba su cika sahu ba. Da aka kawo amarya gaisuwa, Hajiya ta ce "Allah ya ba da zaman lafiya" tana kallon bango. Alhaji Barau kuwa ya yafito ta da hannu, ya dafa kanta.

"'Yata, duk garin nan ke kaɗai kika faɗa mana gaskiya, muka ƙi ji. Allah ya yi miki albarka. Allah ya saka miki da irin abin da kika yi mana."

Halliru ya runtse ido. Shafa'atu ta matsa ta ɓangaren kunnen da ke ji.

"Amin, Baba."