Kofin Ruwan Lauya

Ofishin Lauya yana saman wani kantin magani, ɗaki ɗaya da fanka mai kuka da dogon benci a bakin ƙofa. Nan wata Nas ta same shi da safe, sanye da fararen kayan aikinta, rungume da takardun mahaifinta. Ya ɗago kai ya dube ta, ya manta abin da yake rubutawa.

"Ƙarar babana aka kai," ta ce. "Tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu ce, wai katangarmu ta shiga filinta. Gaskiyar magana, lokacin da ake ginin..."

"Dakata, don Allah. Wane ne mahaifinki?"

"Hedimasta mai ritaya."

Ya runtse ido kamar wanda ya taka ƙaya. "Kada ki gaya min komai. Ni ne lauyan tsohuwar. Abin da kika faɗa a nan ba zan iya cire shi daga kaina ba, kuma babanki zai cutu."

Ta tattara takardunta ta sauka ko sallama babu. Shi kuwa ya tsaya a taga yana kallonta har ta sha kwana, tunda babu dokar da ta hana.

Lauya yana da wata ɗabi'a a kotu. Ba ya ɗaga wa mai ba da shaida murya. Yakan bi mutum a hankali cikin ladabi, idan ya iso kan tambayar da za ta kashe magana, sai ya tsiyaya ruwa a kofi ya miƙa da hannu biyu. Shi dai tausayi ne ke sa shi, amma wanda ya sha ba ya ganin haka.

Ranar shari'a, Hedimasta, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyara wa 'ya'yan mutane kuskure da jan biro, ya karɓi kofin ya sha har da godiya. Sai tambaya ta biyo baya: ma'aikatan safiyo ne suka auna filin, ko igiyar magini ce? Tsohon ya ajiye kofin ya ce igiyar magini ce. Alƙali ya ce a ja katanga baya.

Daga nan cututtuka suka taso wa Lauya. Yau ciwon kai, gobe jiri, kuma duk ba sa tashi sai ranar da Nas take bakin aiki a asibiti.

"Lafiyarka ƙalau, lauyan abokan gaba," ta ce tana kwance masa abin awon jini.

"To me ya sa zuciyata ke bugawa haka?"

"Alhakin babana ne."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. Ita dai tun farko ta san katangar ta wuce iyaka. Abin da ya zauna mata a rai shi ne mutumin da nasara ta shigo masa har ofis a ɓagas, ya toshe kunnensa. Tun daga ranar take sonsa, sai dai ba ta yi saurin gaya wa kanta ba.

Ya sa mata suna Mai Shari'a, saƙonni suka fara kai da komo.

"Ya Mai Shari'a, wanda ake tuhuma ya amsa laifinsa. Yana sonki, kuma ba ya nadama."

"An ɗage zama sai ka ci abinci, na ga ka rame. Kotu ta ji, kuma ita ma ba ta tsira ba."

Da kawun Lauya ya je nema masa aure, Hedimasta bai ko bari ya gama zama ba. "Yaron da ya shayar da ni ruwa a bainar jama'a? Ba a gidana ba." Shi hankalinsa na kan wani tsohon ɗalibinsa, manajan banki, wanda ko Hedimasta ya ce rana daga yamma take fitowa zai ce, "Haka ne, Malam."

Ana cikin haka zaɓe ya matso. Mutanen da suka saba zama a bencin nan, masu rigimar gona da gado da haya, suka matsa wa Lauya ya tsaya takarar majalisar ƙasa. Ya yi ta zillewa, suka ƙi barinsa, ya tsaya, ya ci. Kafin ya tafi babban birni ya je da kansa ya durƙusa gaban Hedimasta.

"Yanzu maganarka tana da nauyi," in ji tsohon. "Ka tara mutane ka ce ni ke da gaskiya a shari'ar nan. In ka yi, na ba ka ita."

Lauya ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, zan tara su in ce ban taɓa tsayawa gaban dattijon da nake jin nauyinsa kamarka ba. Amma katangar ta shiga filin tsohuwa."

"Tashi ka ba ni wuri."

Nas ta tare shi a ƙofar gida, idonta ya yi ja. "Magana ɗaya ce fa. Ba za ka iya yin ƙarya ɗaya saboda ni ba?"

"In na fara da babanki, Mai Shari'a, wata rana ke zan yi wa."

Ta juya ta shige. Ya tafi da ciwon abin a ransa, ita ma ta daina amsa waya. Saƙonsa dai bai fasa zuwa ba: "An ba ni babban ofis mai sanyi, amma babu tagar da zan hango ki. Ki kula min da kanki." Takan karanta ta kife wayar, can kuma ta sake ɗauka.

Wata rana da yamma Hedimasta yana falo yana kallon talabijin, matarsa, Mama, na ninke kaya, aka nuno zaman kwamitin majalisa. An gayyaci wani minista kan asibitocin da aka ce an gina, aka je ba a tarar da ko tubali ba. Mai tambayar Lauya ne, ministan kuma ɗan jam'iyyarsu. Hedimasta ya ɗauki rimot zai canza tasha, sai hannunsa ya tsaya. Muryar nan ce mai taushi, ladabin nan ne. Can Lauya ya jawo gora ya tsiyaya ruwa, ya miƙa da hannu biyu.

"Kada ka sha!" Hedimasta ya miƙe tsaye. "Minista, kada ka sha ruwan nan!"

Minista ya sha. Tambaya ta sauka, ya shiga lalube a takardu, gumi na tsattsafo masa. Hedimasta ya faɗa kujera yana dariya har da hawaye.

"Kin gani? Ni aƙalla ban yi gumi ba."

"Ashe ba kai kaɗai yake yi wa ba," in ji Mama, ba ta ko ɗago ba.

Dariyar ta lafa, ya shiga goge tabarau. Nas na tsaye a bakin ƙofa, ya dube ta ya ga yadda ta zube a 'yan watannin nan, kunya ta kama shi.

"Uwata, har yanzu kina da lambar yaron nan?"

Ta gyaɗa kai. Ta ɗauko waya ta rubuta wa Lauya: "Kotun ƙoli na nemanka. Ka zo da kawu."

Amsa ta shigo nan take: "Ina hanya, rabin raina. Kada a tashi zaman."

Ranar auren, mutanen benci suka cika layi, har da tsohuwar maƙwabciya a sahun gaba. Da za a tafi da amarya, Hedimasta ya riƙe hannunta ya sa a na angon.

"Uwata, mijin nan naki ba zai miki ƙarya ba ko kin roƙe shi. Wata rana abin zai yi zafi, ni shaida ne. Amma ba za ki taɓa kwana kina tunanin me yake ɓoye miki ba." Ya saki hannunta. "Ba ni da abin da ya fi wannan da zan ba ki. Allah ya yi muku albarka, ku je."