Kwanon Ranar Alhamis

"Inna, dillali ya sake zuwa yau. Ya shiga ɗakinki da takalmansa, ya ƙwanƙwasa bango da zobe, ya ce gidan zai yi kuɗi. Ban ce masa komai ba."

Jilali ne ke wannan magana ƙasa-ƙasa, yana tsugune a bakin rijiyar da ke kusurwar tsakar gida, da kwanon miyar harira a hannunsa. Alhamis ta bakwai ke nan tun da aka fitar da mahaifiyarsa, Lalla Batul, ta ƙofar nan a kan kafaɗun maza. Rana ta sauka daga kan soro, ta bar tsakar gidan cikin inuwa mai sanyi. Ya ajiye kwanon a kan murfin katakon rijiyar, ya faɗi abin da ya saba ji tana faɗa tun yana rarrafe: "Masu gida, ga naku."

Bai taɓa tambayarta su waye masu gidan ba. Kowace Alhamis kafin magariba takan ajiye kwano a nan, ta zauna ta ɗan jima tana motsa leɓe, sannan ta tashi ta yi alwala. Da ta rasu sai ya ga kwanon a kife a kicin, ya kasa barinsa a kife. Shi ba mai nisan karatu ba ne, daga aji shida ya koma kasuwar maƙera yana buga farantan tagulla. Girki ma sai bayan rasuwarta ya koya. Abin da ya dafa wa kansa, daga ciki yake ɗiba ya kai.

Lungunsu na tsohon birnin Fas gida goma sha ɗaya ne. Takwas an sayar wa baƙi daga ƙetare, sun mayar da su masaukin 'yan yawon buɗe ido, sun cike rijiyoyin sun haƙa wuraren wanka a tsakar gida. Maƙwabtan da suka san sunan kakansa duk sun koma benayen bayan ganuwa. Farashi ya ninka sau uku cikin shekara biyar, in ji Kaddur dillali, kuma ba zai daɗe a sama ba. Shi ya sa Bushta, yayan Jilali, ya taso daga Kazablanka da matarsa Zuhur da 'yarsu Gizlan mai shekara goma sha biyu, don a shafe bango da farar ƙasa, a toshe tsagar da ke kan matakala, a nuna wa mai saye. Gidan na su biyu ne. Ba ya sayuwa sai kowannensu ya sa hannu, kuma an tsayar da Litinin ta sama.

Da Jilali ya dawo wurin tabarma, Zuhur ta kurɓi harirar ta yamutsa fuska.

"Baffan Gizlan, miya ka dafa ko fata kake jima? Wannan gishiri ai sai ya kashe raƙumi."

"Bar shi," in ji Bushta yana tsoma burodi. "Kuliyoyin Inna yake yi wa girki, mu 'yan rakiya ne." Ya ɗaga kai ya dubi azarar da aka tokare da gungumen itace. "Ka ga wancan? Damina ɗaya ta rage masa. Da kuɗin farantanka za ka ɗaga rufin? Auta, ka yi hankali. Ka karɓi rabonka ka sayi ɗaki biyu mai famfo, ka yi aure, ka huta."

A daidai lokacin ladan ya ɗaga murya, sai wani abu ya faɗo tsakiyar farantin shayi, ƙwal.

Gutsuren dutsen ado ne, shuɗi, irin wanda aka shimfiɗa a bakin rijiyar. Gizlan ta ɗauka ta ce da ɗumi. Bushta ya ce yaran lungu ne, ya hau soro da takalmi a hannu. Babu kowa. Lungun ma ba sauran yara a cikinsa.

Washegari da magariba uku suka faɗo. Ranar Asabar aka daina ƙirgawa. Ba sa samun kowa, sai dai su sauka dab da ƙafar mutum, a hankali, kamar an ajiye su da hannu. Da an idar da salla kuma shiru, irin shirun da ke sa mutum ya ji ƙarar haɗiyar yawunsa. Mai shafen farar ƙasa ya tattara burushinsa ya ce matarsa ba ta da lafiya, bai dawo ba. Zuhur ta daina zolaya. Ran Lahadi tana wanke kofuna kusa da rijiyar ta ji numfashi daga ƙarƙashin murfin, dogo, mai nauyi, kamar na wanda ya hau bene da kaya.

"Abban Gizlan, mu koma gida," ta ce.

"Kwana takwas ya rage. Kuma kada wanda ya buɗe baki a waje. Kaddur ya ji wannan, sai ya zaftare mana kashi ɗaya cikin uku."

Ran Talata, rana ta yi ja, aka nemi Gizlan aka rasa. Jilali ne ya gan ta a ɗakin marigayiya, zaune a ƙasa ta miƙe ƙafafu yadda tsofaffi ke yi, tana murza gwiwa da tafin hannu. Ya kira sunanta. Ta ɗago ta dube shi da idanun da suka daɗe a duniya.

"Ɗan autan Batul," ta ce, da muryar tsohuwa mai kaushi. "Ka girma."

Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba. Ta ƙi ruwa, ta ƙi abinci, da uwarta ta matso sai ta juya fuska bango. Maza biyu suka kasa ɗaga ta daga inda take.

Da la'asar ɗin Laraba Jilali ya je masallacin bakin lungu ya zo da Si Ayashi, limamin da ya yi wa Lalla Batul salla. Tsoho ne siriri, sahunsa na asuba bai fi mutum huɗu ba yanzu. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya yi sallama sau biyu, ɗaya ga mutanen da yake gani. Ya nemi ruwa a kwano, ya zauna nesa kaɗan da yarinyar, ya fara karatu.

Ya daɗe yana yi. Hasken da ke kan bango ya hau sama ya ɓace. Gizlan ta fara rawar jiki, yatsunta suka ƙandare, sai ta saki wani nishi irin na cikin rijiyar.

"Ya isa, Ayashi. Ina ji. Ni ma musulma ce."

Zuhur ta toshe baki da mayafi.

"Musulma ba ta shiga jikin yarinya," in ji malamin, bai ɗaga murya ba. "Wace ce ke?"

"Mai gida."

"Masu gida ga su nan tsaye, su biyu, da takardarsu."

"Takarda." Bakin yarinyar ya yi wata dariya marar daɗi. "Ina cikin rijiyar nan kafin a ɗora azarar farko. Muna da yawa a lungun nan, kowace rijiya da mutanenta. Aka cike ta gidan mai dukan auduga, suka tashi. Aka cike ta gidan alƙali, 'yar'uwata ta tafi ko sallama ba mu yi ba. Yanzu in na kira ta ƙarƙashin ƙasa, siminti ne ke amsa mini. Ni kaɗai na rage. Ni da Batul."

"To me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi komai ba. Baki nake nema, nata ne a buɗe. Na yi jifa kwana biyar ba wanda ya tambaye ni me ya faru." Kan yarinyar ya juyo a hankali wajen Jilali. "Shi nake so in tambaya. Sau bakwai ka sa mini gishiri. Na farko na ce kuskure ne. Na biyu na ce baƙin ciki ne. Na bakwai ya zo rana ɗaya da dillali mai zobe. In kora ce, ɗan Batul, me ya hana ka faɗa da baki?"

Kowa a Fas ya san da gishiri ake korar aljanu, shi ake barbaɗawa a bakin ƙofa da ƙarƙashin matashin jariri. Shi ma ya sani. Abin da Jilali bai taɓa lura da shi ba, sai yanzu ya gan shi sarai kamar a gabansa: Inna a bakin murhu ranar Alhamis, tana ɗiban ludayi ɗaya a kwano ta ajiye gefe, sannan ta miƙa hannu ga tulun gishiri. Shekara ashirin da huɗu yana kallon kwanon, bai taɓa kallon hannun ba.

"Wallahi ban sani ba," ya ce. "Na ɗauka abin da muke ci take ba ki."

Hawaye ya gangaro daga idon Gizlan guda ɗaya.

"To a bar mini rijiyar," muryar ta ce. "Ku sayar da sama, a rubuta ƙasa tawa ce."

"Wane Bature zai sayi gida da aljana a cikin takarda?" Bushta ya faɗa.

"Yi shiru," in ji Si Ayashi. Ya dubi yarinyar. "Ba ki da rabo a gadon ɗan Adam, kin sani. Kuma ba na ciniki a kan jikin yarinya. Kin cuce ta kwana biyu ba ci ba sha. Wanda ya yi haka sau ɗaya ba a barinsa gida ɗaya da mutane. Za ki fita daga jikinta, ki fita daga gidan, ki rantse ba za ki dawo ba."

"Kwano ɗaya babu gishiri, in ci in tafi."

"Babu."

Ya ci gaba da karatu. Jikin yarinyar ya lanƙwashe, muryar ta yi ƙara, sannan ta dawo ƙanƙanuwa.

"Na rantse da Wanda ya halicce ni da ku. Zan fita, ba zan dawo ba. Abu ɗaya: kada ku kore ni ta magudanar ruwa. A buɗe mini ƙofar gida, in fita yadda Batul ta fita."

Malamin ya gyaɗa wa Jilali kai. Har Jilali ya juya zai tafi, muryar ta tsayar da shi.

"Ba don abincin nake fitowa ba, auta. Zama take yi muna hira. Shekarun nan na ƙarshe maganarta ɗaya ce: in na tafi, wa zai zauna da Jilali? Na ce mata ni."

Jilali ya buɗe baki zai yi magana. Si Ayashi ya ɗaga hannu.

"Ta riga ta rantse, ɗana. Je ka buɗe."

Ya bi ta zaure ya zare sakata, ya ja ƙofar har bango, ya tsaya gefe kamar yadda ake yi wa babba. Ladan ya fara kiran magariba. Ba abin da ya gani. Wata iska mai ƙanshin rijiya ta shafi gefen fuskarsa, ta ɗan tsaya a dokin ƙofa, ta wuce cikin lungu, ta bi ta gaban ƙofofin masaukai masu sabon fenti. A ciki ya ji Gizlan ta yi atishawa tana kiran mamanta, tana cewa yunwa take ji.

Da malamin zai tafi ya riƙe hannun Jilali a zaure. "Kwanon nan a daina. Mahaifiyarka Allah Ya gafarta mata, ta yi abin da ta tarar. Kai in za ka yi sadaka, ka ba ɗan Adam."

Washegari Bushta ya kai iyalinsa tashar jirgin ƙasa, ya ce zai raka su ya dawo ran Lahadi da daddare, Litinin da safe a gama komai. Yana ta murna. "Ka ga yanzu gidan ya zama fes. Ko Kaddur ya kwana a ciki ba abin da zai ji."

Gaskiya ya faɗa. Jilali ya zagaya ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, ya ji abin da bai taɓa ji ba tun haihuwarsa, ko a ranar da aka fitar da Inna: gidan ba kowa. Ashe duk kwanakin nan da yake zaton shi kaɗai ne, akwai mai jin motsinsa.

Ya tarar da bokitin farar ƙasar da mai shafe ya bari, ya zuba ruwa ya dama. Ya shafe bangon matakala har hannunsa ya yi zafi. Ya gwada gungumen da ke tokare da azara, ya ƙara masa ƙaramin katako a gindi. Ya tsince gutsattsarin shuɗin dutsen, ya jera su a bakin rijiya, kowanne a gurbinsa.

Da yamma ya ɗora harira. Da ta nuna ya ɗebi ludayi ɗaya a kwano kafin ya taɓa tulun gishiri. Ya kai bakin rijiya ya tsuguna, ya tuna maganar malam, bai ajiye ba. Ya zauna ya sha da kansa, a hankali, lami, ba daɗi, har ya ga gindin kwanon. Ba dutsen da ya faɗo.

"Inna," ya ce, "wadda kika bar mini, ni na buɗe mata ƙofa da hannuna. Saura gidan. Rufin zai iya kai damina biyu in na bi shi a hankali. Yaya zai yi faɗa, zai ce na haukace, wataƙila ya daina ɗaukar wayata. Ran Litinin ba zan sa hannu ba. Ke kaɗai kika ji, ban gaya wa kowa ba tukuna."